Muryar da Ke Bayan Katangar Malam Illo

A gindin icen bedin da ke ƙofar gidan Malam Illo aka yi cinikin, wata Laraba da hantsi, cikin shekarar casa'in da biyar. Ba dillali, ba shaida, sai butar shayi.

Malam Illo shi ne mai shirin "Hirar Tsakar Gida" a gidan rediyon gwamnati. Shekara goma sha tara yana yin shi, duk Alhamis bayan la'asar, yanzu kuma takardar aje aiki ta iso. Wanda ke zaune gabansa yana ta gyara tabarau Mushe Hamisu ne, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, inda kowane malami Mushe ake ce mishi, wanda ya koma aikin rediyo, yana son a ba shi shirin.

"Baba, direkta ya ce magana guda ce. Wanda ka nuna shi za a ba."

"Na sani. Shi ya sa ka zo da sukari."

"Sukarin gaisuwa ne, Baba."

"To na amsa gaisuwa. Ga sharaɗina. Duk ranar da za a buɗe shirin, a ce wanda Malam Illo Madarunfa ya kafa. A farko nake so, ba a ƙarshe ba lokacin da kowa ya tashi neman buta. Shirin Sallah kuma ni za a kira."

"An gama. Saura nawa. Ina son Gwaggo Kulu."

Malam Illo ya kurɓi shayi.

Duk wanda ya saurari shirin nan ya san ba don Malam Illo ake kunna rediyo ba. Shi yana fitowa ne a matsayin maigida mai uzuri goma, wanda ya sayar da waken gida ya sayi agogo, ko ya tahi cin rani Najeriya ya manta hanyar aike. Gwaggo Kulu ce ke tare shi ta wanke shi tas. Daga Safo har Gabi mata na aje taɓarya don ita. A Ɗan Issa na sha ganin direba ya kashe mota a bakin shingen duwan, wato 'yan kwastan, an ce ya wuce ya ƙi, wai sai Gwaggo ta gama da mutumin. Amma ba wanda ya taɓa ganin ta. Wasu su ce wata Hajiya ce a Yamai mai haƙorin Makka, wasu su ce 'yar Damagaram ce.

Malam Illo ya waiga dama da hagu, ya rage murya.

"Ka ji dakan da ake yi a cikin gida?"

"Na ji."

"To ita ce. Dije, uwar ɗiyana."

Saura kaɗan shayi ya sarƙe Mushe Hamisu.

"Sunanta ba ya fita," in ji Malam Illo. "Ni mutum ne da ake ba sahun gaba a masallaci. Kai kuma ba ka wuce zaure. In ka yarda, duk Talata ka zo da na'urarka."

Suka tafa, aka ƙara shayi. Dije na can tana dakanta, ba wanda ya leƙa ya tambaye ta.

A da aikin ba wuya. Malam Illo ya shiga ɗakinta ya turo ƙofa, ya aje mikiro tsakaninsu bisa tabarma, su yi faɗan da dama sun saba yi, rabin awa an gama. Yanzu kuwa ga baƙon namiji, ga mikiro guda ɗaya tal. Sai Malam Illo ya tsara yadda za a yi. Aka kife turmi a cikin zaure kusa da ƙofar ciki, aka ɗora mikiro bisa, Mushe ya zauna gabansa. Dije kuma aka tsayar da ita a tsakar gida, bayan katanga. Malam Illo ya ƙirga taku biyar daga bakin zaure, ya ja layi a ƙasa da sandarsa.

"Nan ne iyakarki."

"Malam, daga nan ai sai dai in yi kiran awaki."

"To yi kamar kina kiran su."

Shi ya ɗauko kujera ya zauna tsakiya, ido guda a zaure, ido guda a layi.

Na'urar tana da wata 'yar allura da ke rawa in murya ta shiga. Ita Mushe ke kallo, kamar mai jiran ruwa ya tafasa.

"Inna, ɗaga murya, allura ba ta motsi."

Ta ɗaga.

"Ƙara kaɗan, Inna."

Ta ƙara. Allura ta yi rawa, Mushe ya yi murmushi.

Ga shi kuma Mushe mutumin takarda ne. Komi sai ya rubuto. Dije ba ta karatun boko, don haka shi zai karanto mata layi ta katanga, ita ta maimaita. To bakinta ba ya bin layin kowa.

"Inna, a takarda cewa aka yi, ya kamata maigida ya riƙa tuntuɓar iyalinsa."

"Ni kuma na ce, ka sayar da rumbu da hatsin ciki, ni ka bar ni da ɓerayen."

"Ba haka aka rubuta ba."

"Mushe, takardar nan taka ta taɓa aure?"

Sai a yi nata, a yi nashi, a sake nata don ya fi daɗi. Jakin maƙwabta ya yi kuka, a sake. Zakara ya yi cara, a sake. Pil, wato batirin na'urar, ya yi sanyi murya ta ja kamar ta mai barci, a canza pil a sake daga farko. Aikin rabin awa ya koma daga azahar har la'asar, tana tsaye cikin rana tana ƙwala magana. In an gama, Malam Illo ya raka baƙo har bakin hanya, ita ta wuce madafa ta hura wuta.

Asirin da ake ɓoyo kuwa, duk macen da ke unguwar ta san shi tun Talatar farko. Yaya za a yi mace ta yi awa biyu tana ihu a tsakar gida a ce ba a ji ba? Tani matata, katanga guda ce tsakaninta da Dije, tana jin shirin kwana biyu kafin rediyo ya sa shi. Sun dai haɗa baki sun yi shiru, don sun san ranar da maganar ta fita zaure, ranar za a hana Dije. Mu maza kuma muka yi kamar kunnuwanmu sun toshe, don kada mu kunyata dattijo.

Shiri ya ƙara karɓuwa, wannan ba ƙarya. Wasiƙu suka riƙa zuwa cikin buhu. Direkta ya ji daɗi ya ƙara musu Litinin. Da bazara ta kama, sanƙarau ya shigo ƙauyuka, aka ce ba wanda mata za su ji maganarsa kan rigakafi sai Gwaggo Kulu, aka ƙara Asabar. Mobilet ɗin Mushe, ɗan babur ɗin nan nasa, ya zama kamar ɗan gida a gindin bedi.

Cikin wata na huɗu muryar ta fara dusashewa. Da safe sai ta yi ta gyaran murya kafin ta iya amsa sallama.

"Malam, maƙogwarona kamar an zuba yashi."

"Sanyin randa ne. Na sha hana ki."

Ya sayo zuma da citta da kanumfari. Mushe ya kawo alawar maƙogwaro daga farmasi a Maraɗi, cikin ɗan gwangwani mai kyau. Wani maroƙi ya ba da shawarar ɗanyen ƙwai da sassafe. Duk ta sha. Abin da ba wanda ya kawo shi ne a bar ta ta huta, ko a goge layin nan a matso da ita taku uku.

Abin dariya, masu saurare sun fi son muryar a haka. Wani ya rubuto daga Gabi cewa yanzu ne Gwaggo ta zama Gwaggo, in ta yi tsawa har 'ya'yansa na ɓuya. Mushe ya karanta mata wasiƙar ta katanga, yana murna.

"Kin ji, Inna? Kada ma ki gyara ta."

"Allah ya ba wanda ya rubuto irin ta, ya ji daɗinta shi ma," in ji Dije.

Malam Illo ya yi dariya har da buga sanda, ya ce a sa wannan a cikin shiri.

Ranar da ya tahi suna Gabi, Tani ta yafa gyale ta ja Dije zuwa gidan likita. Majo, wato babban ma'aikacin wurin, ya haska maƙogwaron da tocila ya daɗe yana dubawa.

"Inna, waƙa kike yi ko talla?"

"Faɗa nake yi."

"To a daina. Wata guda cur ba magana, ko sallama a amsa da hannu. Ki nisanci hayaƙi. Kuma ga takarda, a kai ki babban gidan likita na Maraɗi cikin satin nan, akwai abin da tocilata ba ta gani. In aka yi wasa muryar za ta tahi, ba kuma dawowa za ta yi ba."

Ya miƙa mata takardar, sai ya tsaya yana kallon ta.

"Ni kuwa kamar na san muryar nan."

Tani ta ce duk tsofaffin Madarunfa muryarsu guda, ta ja ta suka fita.

Da Malam Illo ya dawo, Dije ta aje mishi tuwo, ta aje takardar kusa da kwanon, ta faɗa mishi komi, har maganar majo ta ƙarshe. Nan ta yi kuskure. Duk bayanin wata guda da Maraɗi ya bi ta bayan kunnensa, wannan guda ta tsaya.

"Ya ce ya san muryar?"

"Kamar, ya ce."

"Kin gani ko? Nan Madarunfa ke nan. In na kai ki Maraɗi, kafin ki gama cewa ina kwana an taru. Gobe a tasha a ce ga Malam Illo can, mai sa matarsa a rediyo."

"Ba kai ka sa ni ba?"

"Gwaggo Kulu na sa. Ke daban, ita daban."

"To maƙogwaron guda ne, Malam."

Ya ce za a duba bayan Sallah. Ya ninke takardar ya sa a aljihun babbar rigarsa.

Mushe da ya ji, ya nuna damuwa ƙwarai, har ya cire tabarau.

"Wallahi, Inna, lafiyarki ta fi komi. Sai dai kin ga maganar rigakafin nan rayukan yara ne. Sati uku kawai. In mun gama, ni da kaina zan roƙi direkta."

Ita ma abin da ya ɗaure ta ke nan. Tana son shirin. In Tani ta ce mata ta ƙi fita kawai, sai ta ce, "In ban faɗa musu ba wa zai faɗa? Mushe da takardarsa?" Ta ɗaura kallabi ta koma bakin layi.

Sati uku suka wuce, Sallah ta zo. Malam Illo ya sha babbar riga aka kai shi Maraɗi ya yi shirin Sallah, ya dawo da hoto. Bayan Sallah aka ce damina ta kama, manoma na buƙatar a yi musu maganar iri. Sannan aka ce ana shirin ba da lambar yabo a Yamai, ba a so a ji shirin ya tsaya. Zancen hayaƙi kuwa ko tashi bai yi ba, don Malam Illo ba ya cin tuwon hannun kowa sai nata.

Zuwaira ɗiyarsu, da ke aure a Safo, ta zo ganin gida. Ta yi sallama, ta ga bakin uwarta ya motsa amma sai da ta matso ta ji amsar. Ba ta ko aje goyo ba ta nufi zaure.

"Baba, ina takardar majo?"

"Wace takarda?"

"Wadda Inna Tani ta ce an bayar tun kafin Sallah."

"Tana nan. Ba ɓata ta yi ba."

"Ba ni, gobe in kai ta."

"Ke da gidanki, ki zo ki tsara mini nawa? Uwarki shekara talatin da biyu tana hannuna, ta taɓa kwana da yunwa?"

"Ban ce yunwa ba, Baba. Murya na ce."

"Murya ai ta Allah ce. Shi ya ba ta. Kuma ki sani alheri take yi, lada take samu. Mutum nawa suka kai 'ya'yansu allura saboda ita?"

"To a faɗi sunanta mana, tunda alheri ne."

"Tashi ki ba ni wuri."

Ta tashi, don uba ne. Ta kwana biyu ta karɓi girki, ta koma Safo tana share ido da bakin gyale.

Talatar da abin ya ƙare, shirin kan mazan da ke sayar da gero tun yana gona ne. Mushe ya yi nashi layin, ya jira. Daga bayan katanga aka ji Dije ta fara, "Kai da ka sayar da abin da ba ka ko yanka ba," sai maganar ta yanke, kamar an ɗauke wuta.

"Inna, allura ta tsaya. A sake."

Allura ba ta motsa ba.

"Dije, ana jiran ki," in ji Malam Illo.

Tana nan tsaye a bakin layi, hannu a wuya, baki na motsi, iska kawai ke fita. Malam Illo ya ce a ba ta ruwan ɗumi. Aka jira rabin awa. Mushe ya duba agogo, ya naɗe igiyar mikiro, ya ce Allah ya sawwaƙe, sai wani satin.

Bayan girbi mijin Zuwaira ya zo da kansa, ya durƙusa ya roƙi surukinsa, aka ba da takardar. Ta sha wanki cikin riga har sau biyu, rubutun ya kusa gogewa. Yanzu kam Malam Illo bai ji tsoron Maraɗi ba, tunda ba muryar da za a gane. Likitan can ya duba, ya tambayi wata nawa da ba da takardar, aka faɗa mishi, ya girgiza kai. Ya ce raɗa za ta iya, in an matso kusa. Fiye da haka kada a sa rai.

Mushe ya yi sati huɗu yana maimaita tsofaffin kaset. Mutane suka fara rubutowa cewa sun ji wannan. Sai ya zo gindin bedi da sabuwar dabara.

"Baba, in muka ce ta yi tahiya za a yi ta tambayar yaushe za ta dawo. Gara a rufe babin da mutunci. A cikin shiri, mu ce Allah ya yi mata rasuwa."

"Kai, Mushe. Mutum na raye?"

"Gwaggo Kulu ai ba mutum ba ce, Baba, kai ma ka faɗa. Kuma kai za a kira ka yi bayaninta. Awa guda cur, kai kaɗai."

"Awa guda?"

"Cur."

Ranar Alhamis Malam Illo ya yi magana a rediyo har muryarsa na rawa. Ya ce bai taɓa ganin mace mai haƙuri irin ta ba, ba ta taɓa neman komi ba, ko sunanta ba ta so a faɗa. Dije na tsakar gida tana tsince wake, rediyo na kan taga.

Abin da su biyun ba su hango ba, mutanen ƙauye ba su ɗauke shi wasa ba. Tun Jumma'a da hantsi aka fara sallama. Wa za a yi wa ta'aziyya in ba Malam Illo da ya san ta ba? Daga Gabi aka zo cikin amalanken jaki, daga Safo aka zo a ƙasa, direbobin Ɗan Issa suka cika mota guda. Mai kaza, mai damin gero, mai kwaryar wake. Malam Illo ya rasa ta yadda zai ce ƙarya ne, kuma da ya ga kajin bai ƙara neman hanyar ba. Aka shimfiɗa tabarmi daga zaure har gindin bedi, ya zauna tsakiya da tasbaha yana amsa "ya haƙuri".

Baƙi kuma sai an ba su ruwa. Kwana uku Dije na dama furar masu zaman makokinta. Matan unguwa suka shigo taya ta, wata ta yi dariya har ta zauna ƙasa, wata ta juya baya tana kuka. Wata tsohuwa daga Gabi ta shigo gaida matar gida, ta riƙe hannun Dije ta ce, "Ke kin taɓa ganin ta, baiwar Allah nan? Saboda ita mijina ya daina sayar mini da awaki." Dije ta gyaɗa kai. Tsohuwar ta ce wa Tani, "Matar Malam ba ta da son magana, ko?" Tani ta ce eh, haka Allah ya yi ta.

Yanzu ga yadda cinikin gindin bedi ya tashi. Mushe Hamisu ya samu shiri, ya karɓo lambar yabo a Yamai, ya kuma samo wata yarinya mai takardar lakwal a Maraɗi, ana faɗin sunanta da na ubanta, tana zaune kan kujera mikiro na gaban bakinta. Malam Illo har yau da sunansa ake buɗewa, sahun gaba bai kuɓuce mishi ba, kajin ta'aziyya sun yi ƙwai sun ƙyanƙyashe. Yaran da aka kai rigakafi sun girma. Mu maƙwabta mun tsira da kunyarmu, ba mu ɓata da kowa ba, ni ma na zauna a tabarmar nan na sha furar, kuma ta yi daɗi.

Dije ita ce ba a kira wurin cinikin ba, ita ce kuma ta biya. In tana son kiran jikanta daga bakin ƙofa, sai ta ɗauki ludayi ta buga ƙwarya.